Dangantakar Aikin Zuciya da Juriyar Jiki a Wajen Masu Ƙiba: Abin da Ya Kamata a Riƙa Aunawa a Asibitocin Ƙasar Kudan

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda ƙiba take sauya aikin zuciya, da yadda sauyin yake fara bayyana a juriyar jiki tun kafin ya fito a hoton zuciyar da aka ɗauka mutum yana kwance. Ta bi sawun manyan nazarce-nazarcen da aka yi daga 1953 zuwa 2023, ta gwada su da yanayin rayuwa a ƙaramar hukumar Kudan da Makarfi da Ikara. Matsayar maƙalar ita ce nauyi shi kaɗai bai isa a yanke wa mai ƙiba hukunci da shi ba, sai an haɗa da awon abin da zuciyarsa take iya yi idan an sa ta aiki. An kawo hanyar awon da ƙaramin asibitin karkara zai iya yi da kayan da ke hannunsa.

1. Gabatarwa



Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana da ƙibar da ta kai matsayin cutarwa, wato sama da mutum biliyan ɗaya, kuma yawan manya masu wannan hali ya ninka fiye da sau biyu tun daga 1990. A gida Nijeriya, binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya samu cewa kashi 28 cikin ɗari na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya haura ƙa'ida, kashi 12 cikin ɗari kuma ramammu ne. Rama da ƙiba ke nan a ƙasa ɗaya, sau da yawa ma a gida ɗaya.

Idan aka ambaci ƙasar Kudan, abin da yake fara zuwa a rai shi ne rake da mazarƙwaila, da tumatir da albasar fadama, da masara, da inabin da ya ƙara fito da sunan yankin a 'yan shekarun nan. Ƙaramar hukuma ce ta manoma, hedikwatarta Hunkuyi, ƙidayar 2006 ta ba ta kusan mutum 139,000. An saba ɗauka cewa manomi ba ya ƙiba. To amma noman da ake yi yau ya sha bamban da wanda iyayenmu suka yi. Maganin feshi ya rage firi da maimai. Injin ban-ruwa ya kori jigo. Babur ya ɗauke tafiyar da ake yi a ƙafa ko a keke zuwa gona, ko zuwa kasuwar Makarfi. A cikin gida kuwa, injin niƙa ya karɓi aikin turmi da dutse. Waɗannan sauye-sauye alheri ne, babu mai fatan uwarsa ta koma daka da asuba. Sai dai jiki ya rasa aikin da yake ƙone abinci da shi, a daidai lokacin da mai da sukari da taliya da lemon kwalba suka ƙaru a abincin. Waɗanda abin ya fi shafa sanannu ne: dillalin tumatir da mai shago da direba da ma'aikacin sakatariya, sai uwargidan da ta yi haihuwa biyar ko shida, yara da injuna suka ɗauke mata aikin ƙarfi.

Tambayar da nake son mu duba ita ce: me ya sa mutum biyu masu tsawo ɗaya da nauyi ɗaya, ɗaya zai saɓa buhun taki ya kai bakin gona, ɗayan kuma haki ya tsayar da shi tsakanin gida da masallaci? Kuma a cikin awon da muke yi a asibiti, wanne ne yake iya rarrabe su?

2. Iyakar sikeli

Ma'aunin da aka fi aiki da shi shi ne BMI: a raba nauyin mutum a kilo da tsawonsa a mita sau biyu. Daga 25 an haura ƙa'ida, daga 30 an shiga ƙiba. Mace mai tsawon mita 1.65 za ta kai 30 idan nauyinta ya kai kilo 82. Asalin lissafin na Adolphe Quetelet ne, masanin ƙididdiga ɗan ƙasar Beljiyam, a shekarun 1830, sunan kuma Ancel Keys ne ya raɗa masa a 1972. An ƙirƙire shi domin kwatanta jama'a da jama'a. Ba ya bambanta kitse da tsoka, ba ya bambanta su biyun da ruwan da ya taru a ƙafa, ba ya kuma faɗin inda kitsen ya zauna. Shi ya sa kwamitin masana da mujallar Lancet ta kafa ya ba da shawara a watan Janairun 2025 cewa a raba ƙiba gida biyu: wadda ta riga ta taɓa aikin wata gaɓa ko ta hana mutum hidimarsa ta yau da kullum, da wadda ba ta kai nan ba tukuna. Wannan rabo ya mayar da hankali kan abin da jiki yake iya yi, wanda shi ne jigon wannan maƙala.

3. Abin da ƙiba take yi wa zuciya

Kitse nama ne mai rai, yana buƙatar jini. Haka ita ma tsokar da take ƙaruwa domin ɗaukar nauyin. Saboda haka jinin da ke jikin mai ƙiba ya fi yawa, kuma zuciyarsa tana harba fiye da lita biyar ɗin da aka saba samu a minti ɗaya ga babban mutum yana hutawa. Yawancin ƙarin yana zuwa ne ta hanyar ƙara yawan jinin da ke fita a kowane bugu. Shekara da shekaru a haka, ɗakin hagu na ƙasa, wanda shi ke tura jini zuwa jiki duka, sai ya buɗe, bangonsa ya yi kauri. Idan akwai hawan jini a kai, kaurin ya fi tsanani.

Bango mai kauri yana iya matsawa da kyau, matsalarsa wajen sakewa take. Zuciya tana aiki biyu ne a kowane bugu, ta cika sannan ta juye, kuma cikar ce ƙiba take fara lalatawa. Wannan ne ya sa hoton zuciya yake iya yaudarar mai dubawa. Za a auna kason jinin da ɗakin yake juyewa a samu kashi 55 ko 60 cikin ɗari, a ce lafiya lau, alhali ɗakin ba ya cika sai da matsi mai yawa. Mutum yana kwance, bugun yana tafiya a hankali, lokacin cika ya wadatar. Da ya tashi ya kama tafiya, bugu ya ƙaru, lokacin cika ya gajarce, sai matsin ya koma baya zuwa huhu. Abin da majiyyaci yake ji shi ne haki. Mai noman rani ya san injin ban-ruwan da aka ƙara wa kadada: yana tashi lafiya, ƙararsa daidai muddin ba a ɗora masa nauyi ba, sai an buɗe ruwa ga kowane fangali sannan gazawarsa take fitowa.

Akwai kuma kitsen da yake kwanciya a jikin zuciyar kanta, tsakaninta da jakar da ta lulluɓe ta. Wannan kitse yana fitar da sinadaran da ke haddasa kumburi a tsokar da yake manne da ita, yana kuma rage wa zuciya filin buɗewa. A 2017, Masaru Obokata da Barry Borlaug da abokan aikinsu a asibitin Mayo na Amurka suka kwatanta masu irin wannan gazawar zuciya, masu ƙiba da marasa ƙiba. Suka samu masu ƙibar sun fi yawan ruwan jini, sun fi kitse a jikin zuciya, ɓangaren dama na zuciyarsu ya fi buɗewa, matsin cikarsu ya fi hauhawa idan suna motsa jiki, juriyarsu kuma ta fi ƙasa. Tun kafin wannan, nazarin garin Framingham, wanda aka fara a 1948, ya fitar da sakamako a 2002 daga mutum 5,881: duk ƙarin maki ɗaya a BMI yana ƙara haɗarin gazawar zuciya da kashi 5 cikin ɗari ga maza, 7 ga mata, kuma haɗarin mai ƙiba ya ninka na mai matsakaicin jiki.

Kada a manta da barci. Mai kaurin wuya da yake minshari, numfashinsa yana ɗaukewa yana dawowa cikin dare, jininsa yana hawa a lokacin da ya kamata ya sauka, kuma yana cikin haɗarin rikicewar bugun zuciya. Matarsa ce take sanin wannan kafin likita, shi ya sa ya dace a riƙa tambayar ta.

4. Mene ne juriya, kuma yaya ake lissafa ta

Juriyar zuciya da huhu ita ce iyakar iskar oksijin da jiki yake iya ɗauka ya yi aiki da ita a minti ɗaya idan an kai shi maƙura. Ƙa'idar da Adolf Fick ya shimfiɗa a 1870 ta nuna cewa wannan adadi ya rataya ne a kan abu biyu: yawan jinin da zuciya take harbawa, da yawan iskar da tsoka take zarewa daga jinin. Saurayi mai lafiya yana iya ɗaga harbin zuciyarsa daga lita 5 zuwa 20 ko fiye a minti. Zuciyar da bangonta ya ƙage ba ta da wannan rata. Don haka awon juriya, a zahiri, awon ajiyar ƙarfin zuciya ne.

Ana lissafa shi da ma'aunin MET. MET ɗaya shi ne iskar da jiki yake ci a zaune, mililita 3.5 ga kowane kilo a minti. Tafiyar kilomita biyar a awa tana cin kimanin MET uku da rabi. A nan akwai lissafin da ya kamata mu tsaya a kansa. A ɗauki maza biyu, kowannensu iyakar iskar da jikinsa yake iya ci lita 2.5 ce a minti. Na farko kilo 70 ne, juriyarsa ta kama MET 10. Na biyu kilo 110 ne, tasa ta kama MET shida da rabi. Idan suka jera a waccan tafiya, na farko yana kashe kusan sulusin ƙarfinsa, na biyu ya haura rabi. Zukatansu ɗaya ne a ƙarfi, kayan da aka ɗora musu ne suka bambanta.

Wannan lissafi yana koya mana cewa hakin mai ƙiba yana iya fitowa daga ɗayan wurare biyu. Ko dai zuciyar lafiyarta ƙalau, nauyi ne ya yi mata yawa, ko kuma ita kanta ta fara ƙagewa. Na farko rage nauyi da atisaye sun ishe shi. Na biyu yana buƙatar likitan zuciya da magani. Sikeli zai ba su lamba ɗaya.

5. Abin da bincike ya nuna

Farkon wannan fanni a cikin motar haya aka yi shi. A 1953 Jeremy Morris ya wallafa nazarinsa a kan ma'aikatan bas masu bene na birnin Landan, kimanin mutum 31,000. Direba yana zaune yini guda, kwandasta kuma yana hawa da sauka matakala ɗaruruwa yana karɓar kuɗi. Kwandastoci suka fi ƙarancin ciwon zuciya da mutuwar fuju'a. Aka soki nazarin da cewa wataƙila direbobin tun asali sun fi ƙiba. Morris ya koma ya duba girman wandunan da kamfani yake raba wa ma'aikata, ya tarar lallai ƙugun direbobi ya fi kauri. Amma da aka kwatanta siriri da siriri, mai tumbi da mai tumbi, har yanzu kwandasta ya fi direba tsira. Duk wanda ya san tashar mota a Hunkuyi ko Zariya ya san waɗannan mutane biyu, ya kuma san cewa kwandastan yau shi ne direban gobe.

Steven Blair da abokan aikinsa a cibiyar Cooper da ke Dallas suka ɗora a kai, su kuma da awon juriya a kan injin tafiya. A 1999 suka fitar da sakamakon bin sawun maza 21,925 na tsawon kimanin shekara takwas. Siriri marar juriya haɗarin mutuwarsa ya ninka na siriri mai juriya, har ma ya fi na mai ƙiba mai juriya. A 2009 Satoru Kodama na Japan ya tattara nazari 33 da suka ƙunshi mutane fiye da 100,000, ya samu cewa duk ƙarin MET ɗaya yana tafiya da raguwar haɗarin mutuwa da kashi 13 cikin ɗari, da raguwar cututtukan zuciya da jijiyoyin jini da kashi 15. Irin waɗannan hujjoji ne suka sa ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta yi kira a 2016 cewa a riƙa auna juriya a asibiti kamar yadda ake auna jini da zafin jiki.

Wasu sun ɗauki wannan a matsayin izini: in dai kana motsa jiki, ƙibarka ba komai. Ban yarda da wannan fahimta ba, kuma akwai hujja. A ƙasar Suwidin an bi sawun samari sama da miliyan 1.3 da aka auna juriyarsu lokacin ɗaukar soja tsakanin 1969 da 1996. Sakamakon da ya fito a 2016 ya nuna amfanin juriya yana raguwa gwargwadon yadda ƙiba take ƙaruwa, kuma matsakaicin jiki marar juriya ya fi mai ƙiba mai juriya tsira da kashi 30 cikin ɗari. Wannan nazari da na Dallas sun bambanta a shekarun mutanen da aka auna da tsawon lokacin da aka bi su, wannan zai iya bayyana wani ɓangare na saɓanin. Abin da za a iya riƙewa daga dukkansu shi ne juriya tana rage haɗarin ƙiba sosai, amma ba ta share shi, kuma mai ƙiba mai juriya a shekara 40 ba lallai ya kasance haka a shekara 55 ba, domin gwiwa da ƙugu sukan gaji kafin zuciya.

6. Abubuwan da suka keɓanta da mu

Galibin nazarin da na ambata a kan Turawa da mutanen Asiya aka yi su. Kafin mu ɗora su a kan majiyyacinmu, akwai abubuwan da za a sa a lissafi.

Na farko hawan jini. Nazarin THESUS-HF da aka wallafa a 2012, wanda Farfesa Mahmoud Sani na Kano yana cikin marubutansa, ya duba mutum 1,006 da aka kwantar saboda gazawar zuciya a ƙasashe tara na Afirka. Matsakaicin shekarunsu 52 ne, kuma hawan jini ne sanadi a kashi 45 cikin ɗari. Toshewar jijiyoyin zuciya, wadda ita ce kan gaba a Turai, ba ta kai kashi goma ba. A wajenmu ke nan, hanyar da ƙiba take bi ta kai ga zuciya ita ce ta hawan jini da kaurin bango, kuma tana kama mutum yana tsakiyar ƙarfinsa, yana da 'ya'ya ƙanana. Kimanin ɗaya cikin uku na manyan Nijeriya yana da hawan jini, da yawansu ba su sani ba.

Na biyu ƙarancin jini. Binciken 2018 da na ambata ya samu kashi 58 cikin ɗari na matan Nijeriya masu shekarun haihuwa suna da shi. Jan sinadarin jini shi ke ɗaukar iska, kowane giram yana ɗaukar kimanin mililita 1.34. Idan ya ragu, dole zuciya ta ƙara gudu domin ta kai iskar da ake buƙata. Mace tana iya zama mai ƙiba kuma mai ƙarancin jini a lokaci guda, sai a dubi jikinta a ce ai wannan ba ta rasa komai ba, a ɗora hakinta a kan nauyi, a sallame ta.

Na uku, kuma shi ya fi damuna, maganin ƙiba. A al'adarmu cikar jiki alama ce ta kwanciyar hankali da kulawar miji, kuma amarya ko mai jego da ta rame tana shan tambaya. Wannan matsi ne yake kai mata ga ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda sau da yawa haɗin dexamethasone ne da cyproheptadine. Shi dexamethasone idan aka daɗe ana sha yana tara ruwa a jiki, yana ɗaga jini da suga, yana tara kitse a fuska da ciki, sannan yana cinye tsokar cinya da damtse. Wato yana ƙara kaya, yana rage mai ɗauka. A cikin dukkan nau'o'in ƙiba babu wanda ya fi wannan karya juriya. Duk macen da ta zo da kumburarriyar fuska da siraran ƙafafu tana haki, a tambaye ta cikin sirri da mutuntawa abin da take sha. Kuma kada a ce ta daina rana ɗaya, domin yanke wannan magani farat ɗaya yana da nasa haɗarin. Likita ne zai riƙa rage mata a hankali.

Akwai kuma darasi daga tarihin Zariya. A 1978 Davidson da Parry suka wallafa bayanin mata 224 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, suka danganta abin da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gadon wuta. Daga baya, nazarin PEACE da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta, wanda ya fito a 2020, bai samu waɗannan al'adu a matsayin sanadi ba. Abin da ya samu ya haɗa da rama, da rashin ilimin boko, da rashin abin yi, da hawan jinin ciki. Na kawo wannan ne domin a ga cewa a yankinmu rama ma tana tafiya tare da ciwon zuciya. Saƙon da za mu kai ƙauye ba zai yiwu ya zama "ku rame" kawai ba.

7. Awon da ƙaramin asibiti zai iya yi

Injin da yake auna iskar numfashi a lokacin atisaye, da hoton zuciya, kayan babban asibiti ne irin na koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Ba za a tura kowane mai tumbi Shika ba. Abin da ake buƙata shi ne matata a matakin farko, kuma akwai ta.

Gwajin tafiyar minti shida yana buƙatar fili miƙaƙƙe mai tsawon mita 30, da agogo, da kujera, da abin awon jini. Ƙungiyar likitocin huhu ta Amurka ta fitar da ƙa'idojinsa a 2002. Majiyyaci zai yi ta kai da komo iya saurinsa ba tare da gudu ba, yana da damar tsayawa ya huta, a ƙarshe a lissafa mitocin da ya ci. Ba a yi wa wanda ya samu bugun zuciya ko ciwon ƙirji mai tsanani a cikin watan da ya wuce, kuma a dakata idan bugunsa a zaune ya haura 120, ko jininsa ya haura 180 a sama ko 100 a ƙasa. A wajen masu gazawar zuciya, kasa cin mita 300 alama ce marar kyau. Barandar asibiti ta isa, da safe kafin rana ta ɗaga.

A ƙirga bugun zuciya kafin tafiya, da lokacin tsayawa, da bayan minti ɗaya. Wani nazari na asibitin Cleveland a 1999 a kan mutum 2,428 ya nuna cewa wanda bugunsa bai sauka da fiye da 12 ba a minti na farko bayan atisaye yana cikin haɗari mafi girma. A kan atisaye mai tsanani aka samo wannan adadi, don haka bayan tafiyar minti shida sai a ɗauke shi a matsayin manuniya kawai.

Sai awon ƙugu. Hanya mafi sauƙi ita ce kada zagayen ƙugu ya kai rabin tsawon mutum. Igiya ma ta isa: a auna tsawonsa, a ninka ta biyu, a ga ko za ta zagaye cikinsa a saitin tsakanin haƙarƙari da ƙashin ƙugu. A haɗa da awon jini, da suga, da yawan jini, da duba ƙafa ko ta kumbura, da tambaya ko yana iya kwanciya a miƙe ba tare da numfashi ya toshe ba. Mai ƙibar da tafiyarsa ta gajarce, jininsa na ja bai ragu ba, gwiwarsa ba ita ta hana shi ba, shi ne wanda ya cancanci takardar turawa Shika.

8. Me za a gaya wa majiyyaci

A 2016 Dalane Kitzman ya gwada tsofaffi 100 masu ƙiba da ƙagewar zuciya na tsawon mako 20. Waɗanda suka yi atisaye juriyarsu ta ƙaru da mililita 1.2 ga kowane kilo a minti, waɗanda suka rage abinci ta ƙaru da 1.3, haɗa biyun kuma ya ba da 2.5. Hanyoyin biyu ba sa maye gurbin juna, taruwa suke yi. Babban gwajin Look AHEAD, da ya haɗa hanyoyin biyu a kan masu ciwon suga 5,145, bai nuna raguwar bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki ba a sakamakonsa na 2013, amma da aka sake duba bayanansa an ga waɗanda juriyarsu ta ƙaru sun fi tsira daga gazawar zuciya. Akwai kuma allurar semaglutide, wadda a gwajin 2023 a kan mutum 529 ta rage nauyi da kashi 13 cikin ɗari a shekara, ta ƙara wa tafiyar minti shida kimanin mita 20. Kuɗinta ya fi ƙarfin kusan kowa a yankinmu.

Abin da ke hannunmu shi ne shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020: minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, irin wanda mutum zai iya magana a cikinsa amma ba zai iya rera karatu ba. Ga namiji, a fara da ajiye babur idan za a je masallaci ko gona ta kusa, a yi tafiyar bayan sallar asuba ko bayan la'asar, musamman a zafin Maris da Afrilu. Ga matar da take kulle, tsakar gida fili ne: minti goma sau uku a yini, zagaye ne ko shara ko jan ruwa, kuma wannan magana da maigida za a yi ta, domin sai ya fahimta za ta ɗore. Gishiri kada ya wuce giram biyar a yini, tare da lissafa wanda ke cikin dunƙulen miya. Wanda ya fara kuma sikeli bai motsa ba a wata na farko, a nuna masa mitocin da ya ƙara a baranda, domin yawanci a nan sauyi yake fara fitowa.

9. Aikin da nake ba da shawara

Ina ba da shawarar a ƙara layi biyu a rajistar masu hawan jini da ciwon suga a cibiyoyin lafiya na matakin farko na Kudan da Makarfi da Ikara: ɗaya na zagayen ƙugu, ɗaya na mitocin tafiyar minti shida. Ɗaliban makarantar koyon aikin lafiya ta Makarfi, wadda aka sani da sunan Shehu Idris, za su iya koyon gwajin a yini guda su gudanar da shi lokacin da aka tura su aikin koyo, mata su auna mata. A zaɓi wani kaso na waɗanda aka auna, masu doguwar tafiya da masu gajeruwa, a ɗauki hoton zuciyarsu a Shika, domin a gano adadin mitocin da ya dace ya zama iyaka ga mutanenmu. Kuma tunda aikin ƙarfi a ƙasarmu yana bin lokaci ne, a auna kowane mutum sau biyu a shekara, sau ɗaya a tsakiyar damina, sau ɗaya bayan an gama kwashe amfanin rani, a rubuta sana'arsa da abin hawansa a gefen sakamakon.